Wai mene ne haifotasis a furojek?

Duk wanda ya kai ajin ƙarshe a Jami'ar Jos ya san ciwon kan babi na ɗaya na furojek, wato binciken kammala digiri, musamman wurin nan da sufabaiza ke zagayewa da jan biro ya ce je ka sake. Haifotasis, wato hasashen bincike, amsar da kake zato ce tun kafin ka fita tattara bayanai, amma da sharaɗi: dole ta zama maganar da alƙaluma za su iya ƙaryatawa. In babu yadda za a yi a ƙaryata ka, to ra'ayinka kawai ka rubuta malam.

A ce kana son duba ko zaton da malami ke yi wa yaro na da alaƙa da yadda yaron ke mai da hankali a aji. Maganar ta daɗe, tun 1968 wasu masu bincike biyu, Rosenthal da Jacobson, suka fitar da binciken da suka yi a wata firamare a Kalifoniya ta Amurka, aka gaya wa malamai wai wasu yara kusan kashi 20 cikin 100 za su yi zarra a bana alhali canke kawai aka yi, ƙarshen shekara kuma sai ga yaran, musamman 'yan aji ɗaya da biyu, sun fi sauran ƙaruwa a gwajin basira. An sha musu a kan binciken fa.

To haifotasis iri biyu ake rubutawa, H0 da H1. H0 ya ce babu wata alaƙa ta a zo a gani tsakanin zaton malami da mai da hankalin ɗalibi, H1 ya ce akwai. H0 ɗin ake gwadawa, galibi a matakin 0.05, wato kashi 5 cikin 100: a lissafa p, wato yiwuwar a samu sakamako irin naka ko wanda ya zarce shi in da H0 ne gaskiya, in p ta yi ƙasa da 0.05 sai a yi watsi da H0 ɗin.

Inda yawancinmu ke zamewa shi ne "mai da hankali" ɗin. Da me za ka auna? Yaron da ya yi shiru ya zuba wa allo ido, ƙila zuciyarsa na kasuwar Taminus. Gara ka faɗa ƙarara, misali a darasin minti 40 za ka duba duk bayan minti 5 ko yana kan aikin da aka ba shi.

Kuma ko ka samu alaƙar kar ka yi saurin cewa zaton malami ne ya jawo, wataƙila yaron ne dama mai natsuwa shi ya sa malamin ke kyautata masa zato.