Waiwaye: Azzalumin Sarki da Hukuncin Allah a Wurin Kirista

Tun kafin zuwan Almasihu ake ƙorafin cewa Allah yana ƙyale azzalumi ba tare da hukunci ba. Annabi Habakuk ya tambayi Allah dalilin da ya sa yake shiru alhali mugu na haɗiye wanda ya fi shi adalci, mai Zabura ta 73 kuma ya ce saura ƙiris ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna ƙiba. Sabon Alkawari ya ƙara wa zancen nauyi. A Romawa 13 Bulus ya ce a yi wa mahukunta biyayya domin iko na Allah ne, kuma a zamanin Nero, azzalumin sarkin Rum, ya rubuta haka. Bitrus kuwa, a gaban majalisar Yahudawa, cewa ya yi biyayya ga Allah ce a gaba da ta mutum.

Da aka daina tsananta wa ikilisiya a daular Rum, wani marubuci mai suna Laktantiyus ya bi sarakunan da suka zubar da jinin Kirista ɗaya bayan ɗaya, yana nuna mugun ƙarshen kowannensu. Galeriyus, wanda ya mutu a 311 jikinsa na ruɓewa, shi ne babbar hujjarsa. Wannan karatu yana sanyaya zuciya, shi ya sa har yau ba ya rasa masu so a kan bagade. Amma Agustin, bishop na Hippo a Aljeriyar yau, bai saye shi ba. Bayan an wawushe birnin Rum a 410, ya ce Allah kan ba nagari mulki, ya ba mugu ma. Da za a hukunta kowane zunubi a nan duniya, da babu abin da zai rage wa ranar shari'a. Da kuma ba a hukunta ko ɗaya, da mutane sun ce Allah ba ya kallo. Shi ne kuma ya kira mulkin da babu adalci babban gungun 'yan fashi.

Uganda ta gwada maganar tasa. A Fabrairun 1977 Akbishop Janani Luwum da sauran bishop-bishop na Anglika suka rubuta wa shugaban ƙasar, Idi Amin, takarda kan kashe-kashe da ɓacewar mutane. Ranar 16 ga watan aka kama Luwum tare da ministoci biyu. Washegari gwamnati ta ce haɗarin mota ne ya kashe su. Waɗanda suka buɗe akwatin gawar a ƙauyensu, Mucwini, raunin harsashi suka gani. Amin fa? An kore shi a 1979, ya zauna a Jidda, ya mutu a asibiti a 2003 ba tare da ya taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

Mu ma nan mun ɗanɗana. A 1995 bishop-bishop na Katolika suka tsara addu'a domin Najeriya mai cikin ƙunci, ana karanta ta a coci-coci. Fafaroma John Paul na biyu ya zo a Maris 1998, ya roƙi Janar Abacha ya saki fursunonin siyasa. Da Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, da yawa suka ce an amsa addu'a, sai ka ce Laktantiyus ya dawo. Ranar 7 ga Yuli kuma Abiola ya rasu a tsare, kuma ba a ji masu wannan fassara sun ce uffan a kai ba.