Akuya mai majina ba ta kasuwa ba ce

Sau huɗu cikin watan nan ana kirana gidaje duba dabbobi a nan Damagaram, kuma duk inda na je labarin ɗaya ne. Na shiga wani gida na tarar da wata iya zaune kusa da turke, awakinta bakwai sun koma biyu. Wadda ke kwance idonta ya liƙe da kwantsa, majina ta bushe a hanci, bakin duk gyambo, zawo ya ɓata wutsiya. Na ce, "Iya, an shigo da sabuwar dabba?" Ta ce ɗanta ne ya sayo tunkiya da araha ranar kasuwa.

Araha! Jama'a, wanda ya kai tunkiyar nan kasuwa ya san ba ta da lafiya. Ya goge mata hanci, dillali ya yi rantsuwa, aka karɓi kuɗi. Wallahi wannan zalunci ne.

Cutar da muke kira PPR ce, annobar awaki da tumaki. Danginsu ɗaya da ƙyandar yara da bushiyar shanu, wadda allurar rigakafi ta kawar daga duniya a 2011. Ba ta kama mutum, amma tana kama barewa da sauran ire-irenta na daji. Dabba takan yi kwana huɗu zuwa shida da ita kafin ta nuna, kuma tana watsa ta a numfashi, a kwamin ruwa, a bakin rijiya. Allurar da kuke saye a tebur kuna tsira mata ba ta kashe wannan ƙwaya.

Na san halin da ake ciki. Akuya ita ce asusun mace, ita ce kuɗin magani da na suna, ganin tana mutuwa akwai ciwo. Amma don Allah, in ka tura ta kasuwar Mirriya ko Matamai don ka tsira da 'yan jikkunanka, garken wa ka kashe? Gobe ɗan'uwanka zai sayo maka irinta. Ku daina kai marar lafiya kasuwa. Na faɗa, zan ƙara faɗa.

Wadda ta kamu a ware ta, da kwanon ruwanta daban, a kira ma'aikacin kiwo. Sabuwar saye a ɗaure ta gefe mako uku. Mushe a binne, kada a yar a bola. In masu rigakafi sun zo, a fito da duka garken, har na ƙuryar gida da ake ɓoyewa. Allura ɗaya tana kare dabba shekara uku.