Ma'anar "stereotype": macen da aka zuba a dalma

Duk mai bin muhawarar maza da mata a Facebook ya sha cin karo da kalmar nan ta Turanci, stereotype. Mafi kusa da ita a Hausa shi ne kuɗin goro: a ɗauki hali guda a yaɓa wa jama'a guda, a ce mata duk haka suke, ko mutanen gari kaza duk marowata ne. Sai dai kuɗin goro bai kwashe ma'anar duka ba, sai an koma inda kalmar ta fito.

Daga maɗaba'a ta fito. A da, kafin a buga shafi ɗaya sai an jera haruffan dalma da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Masu ɗab'i suka samo dabara: in an gama jera shafi, a ɗauki siffarsa a zuba narkakken ƙarfe, ya fito falle guda daskararre da za a yi ta bugu da shi. Firmin Didot, wani mai ɗab'i a Faransa, shi ya raɗa wa fallen wannan suna a ƙarshen ƙarni na 18. Yana da sauri, yana da arha, amma sauya ko harafi ɗaya a jikinsa abu ne mai wuya. Kamar dai mai zubin tukwanen alminiyam, tukunya dubu fasali ɗaya. A 1922 ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann ya aro kalmar ya ɗora ta kan hotunan da ke cikin kawunanmu, waɗanda muke auna mutum da su tun ba mu haɗu da shi ba.

Inda aka fi yin ce-ce-ku-ce a kai shi ne mujallun mata na Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Ladies' Home Journal da McCall's da Good Housekeeping, masu shiga gidaje miliyoyi. Macen da ke cikinsu kusan ɗaya ce kullum: Baturiya, matar aure, tana murmushi a gaban murhu, damuwarta tsaftar gida da kwalliya da farantawa maigida. Betty Friedan, wadda ita kanta ta yi wa irin waɗannan mujallu rubutu, ta nuna a littafinta The Feminine Mystique na 1963 cewa taurarin labaransu na ƙarshen shekarun 1930 mata ne masu sana'a, amma zuwa shekarun 1950 sun koma matan gida zalla.

A nan mutane ke ruɗewa. Ba wanda ya ce girki abin kunya ne, kuma hoton ba ƙarya ba ne tsagwaronta, akwai matan da haka rayuwarsu take. Laifinsa maimaici. In ba a nuna likita ba, ba a nuna bazawarar da ke ciyar da 'ya'ya biyar ba, a hankali sai su zama kamar babu su.

Kuma kuɗi ne ke riƙe da fallen. Mujalla da talla take rayuwa, mai sayar da jan baki kuwa ba ya son tallarsa ta zauna kusa da labarin dukan mata, yana son ta kusa da shafin kwalliya. A watan Maris na 1970 mata kimanin 100 suka mamaye ofishin editan Ladies' Home Journal, John Mack Carter, wanda namiji ne, a birnin New York, suka yi zaman dirshan na awa 11 kan yadda mujallar ke nuna mata. Abin da suka samu shafi 8 ne na rubutunsu a fitowar watan Agusta. Ganin shafi 8 ba zai kai ko'ina ba, wasu suka kafa nasu. A 1972 'yar jarida Gloria Steinem da abokan aikinta suka fito da mujallar Ms., sunan da ake sa wa mace ba tare da an nuna ko tana da aure ba, kwafi 300,000 na gwaji suka ƙare cikin kwana 8. A shekarar ce mujallar Spare Rib ta fito a Ingila, wasu manyan shagunan jarida suka ƙi ɗora ta a kanta. Riƙe irin waɗannan mujallu bai taɓa zama da sauƙi ba: Ms. ta daina karɓar talla a 1990 ta dogara da masu karatu, Spare Rib kuma ta rufe a 1993.

Mu nan mujallar mata ta koma cikin waya. Buɗe shafukan matan Arewa ka ƙirga nawa ne na gyaran jiki da kayan mata da sirrin mallakar miji, nawa ne kuma na gadon mace ko haƙƙinta in an sake ta. Za a fara da "uwargida, ki gyara kafin a yi miki kishiya", a bi da nasiha layi biyar, a ƙasa kuma ga farashin haɗin da lambar mai sayarwa.