Kamfanonin soja masu zaman kansu a ayyukan wanzar da zaman lafiya

Kamfanonin soja masu zaman kansu kamfanoni ne da ke sayar da ƙwarewar yaƙi: horar da dakaru, gadi, jigilar kaya, kwance nakiyoyi, wani lokaci har da shiga fagen daga. Yawancin ma'aikatansu tsofaffin sojoji ne. Jama'a kan ce musu sojojin haya, sunan da su kamfanonin ba sa so.

Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta ɗaukar su a madadin dakarunta masu shuɗiyar hula, domin ƙasashe mambobi ne ke ba da waɗannan. Aikin kamfanonin ya fi yawa a bayan fage. Kamfanonin Amurka PAE da DynCorp sun gina wa rundunar Tarayyar Afirka sansanoni a Darfur, DynCorp kuma ya horar da sabuwar rundunar sojin Laberiya bayan yaƙin da ya ƙare a 2003.

Misalin da ake yawan kawowa shi ne na Saliyo. A 1995 gwamnati ta yi hayar Executive Outcomes na Afirka ta Kudu, lokacin da 'yan tawayen RUF suka kusa shiga Freetown. Da 'yan ɗaruruwan mayaƙa da jiragen yaƙi masu saukar ungulu, kamfanin ya fatattake su, ya ƙwato ma'adinan lu'ulu'u na Kono, har aka samu yin zaɓe a 1996. Ya tattara nasa ya nasa ya fice a farkon 1997, a watan Mayu kuwa sojoji suka hamɓarar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah. Magoya bayan kamfanin na kallon saurin nasarar, masu suka na kallon yadda ta rushe da zarar kwangila ta ƙare.

Babbar matsalar ita ce wa zai hukunta su. A Bosniya an zargi wasu ma'aikatan DynCorp da hannu a safarar mata, aka mayar da su gida ba tare da gurfanarwa ba. Takardar Montreux ta 2008, wadda Suwizalan da ƙungiyar Red Cross suka jagoranta, ta tattara ƙa'idoji, sai dai ba ta da ƙarfin doka.

A Mali abin ya ɗauki wani salo. Mayaƙan kamfanin Wagner na Rasha sun iso a ƙarshen 2021, dangantakar gwamnatin soja da MINUSMA, rundunar wanzar da zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar, ta yi tsami, rundunar ta kammala ficewa a Disambar 2023.