'Yan wasan da suka fito a matsayin James Bond

James Bond ɗan leƙen asirin Birtaniya ne mai lamba 007, wanda marubuci Ian Fleming ya ƙirƙira a littafin da ya fitar a 1953. Daga 1962 zuwa 2021 kamfanin Eon ya shirya finafinai 25 a kansa, kuma mutum shida ne suka taka rawar.

Sean Connery ɗan Sikotlan ne ya buɗe fage da Dr. No a 1962, yana ɗan shekara 32. Shida ya yi wa Eon, ya ƙara ɗaya a 1983 ƙarƙashin wani kamfani. Har yau da shi ake auna sauran, domin ya haɗa ƙarfin jiki da natsuwa da rashin tausayin da ke cikin littafin. George Lazenby ɗan Ostareliya, wanda tallan kaya ya saba yi, fim ɗaya tak ya yi a 1969.

Roger Moore ya fi kowa yawa a Eon, bakwai tsakanin 1973 da 1985. Ya karkatar da rawar zuwa raha da na'urorin ban mamaki. Shekaru ne suka zame masa cikas: ya girmi Connery da uku, kuma lokacin da fim ɗinsa na ƙarshe ya fito yana da 57, har mai kallo na gane inda wani ke tsaya masa a faɗa da tsalle.

Timothy Dalton ya komar da Bond ga mutumin littafin, mai ɗaure fuska da ramuwar gayya, a 1987 da 1989. Ya cancanci yabo fiye da wanda ya samu, sai dai 'yan kallo sun saba da dariyar Moore, sannan shari'a kan haƙƙin mallaka ta tsayar da aikin har 1995. A shekarar ce Pierce Brosnan ɗan Ayalan ya karɓa da GoldenEye. Huɗu ya yi, amma na 2002 ya wuce gona da iri, har da motar da ido ba ya gani.

Daniel Craig ya yi biyar daga 2006, labarinsu a sarƙe, Bond ɗinsa na jin rauni yana tsufa. Skyfall na 2012 ya tara sama da dala biliyan ɗaya, kuma a No Time to Die na 2021 aka fara nuna mutuwar Bond a finafinan Eon.