Haƙƙin mai mota a gareji: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ake ware wa garejin gyaran mota dokoki na musamman?

Saboda ciniki ne da mai sayarwa shi ke faɗa maka abin da kake buƙata. Ka kawo mota tana ƙara, makanike ya buɗe, ya ce ga abin da ya lalace, shi zai sayo kayan, shi zai ɗaura, shi kuma zai ce aiki ya yi. Mai mota ba ya da hanyar tantancewa, don galibi bai san bambancin famfon mai da famfon ruwa ba. Yawancin makanikai masu amana ne, amma doka ba don su aka yi ta ba.

A 1992 hukumar kare masu saye ta jihar Kalifoniya a Amurka ta fito da sakamakon binciken da ta yi wa garejin kamfanin Sears. Jami'anta sun riƙa kai motoci a ɓoye, motocin da ƙaramin gyaran birki kawai suke buƙata, sai a dawo musu da lissafin kayan da lafiyarsu ƙalau. Tushen matsalar shi ne ana biyan ma'aikatan kamasho gwargwadon abin da suka sayar. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 8, ya kuma soke tsarin kamashon.

Dole ne a faɗa mini kuɗin gyara kafin a fara?

A wurare da yawa, dole ne, kuma a rubuce. Nan ne zuciyar dokokin baki ɗaya. Dokar gyaran mota ta Kalifoniya ta 1971 ta hana gareji taɓa mota ko cajin ko sisi sai ya ba da ƙiyasin kuɗin kaya da na aiki a rubuce, mai mota kuma ya amince. In ana cikin aiki aka gano wata matsala, a dakata, a nemi izini sabo. Ana iya ba da izinin ta waya, amma sai garejin ya rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya yarda da yawan ƙarin kuɗin.

Lardin Ontariyo a Kanada ya bi wata hanya: dokarsa ta 2002 ta ce ba a cajin fiye da kashi 10 cikin 100 a kan ƙiyasin da aka bayar, sai da yardar mai mota. A Birtaniya babu tilas a rubuta ƙiyasi, amma dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce in ba a tsayar da farashi tun farko ba, abin da ya dace da aikin kawai za a biya. A ganina wannan ya fi rauni, don "abin da ya dace" magana ce da za a kwana ana ja-in-ja a kanta. Kalmar da ta fi jefa mutane cikin rigima ita ce "duba min ita, ka gyara duk abin da ka gani". Wanda ya faɗi haka ya buɗe aljihunsa da hannunsa.

In sai an kwance inji kafin a san ciwon fa?

Wannan aiki ne, kuma ana biyansa. Sai dai tarkon yana nan: an sauke akwatin giya, an baje kayan cikinsa a ƙasa, sannan a faɗa maka farashin da ba za ka iya ba, ga motar ba ta tafiya. Shi ya sa ƙa'idar Kalifoniya ta ce ƙiyasin kwancewa ya haɗa da kuɗin mayar da komai yadda yake da kuma tsawon lokacin da hakan zai ɗauka, ko da ka fasa gyaran. Ko a inda doka ba ta faɗi haka ba, tambaya ce da ya kamata a yi kafin sifana ta hau kan noti.

Ina da ikon karɓar tsofaffin kayan da aka cire?

Eh, a dokoki da dama, amma a wasu wuraren sai ka nema tun lokacin ba da aiki. Amfaninsa a fili yake: tsohon abin da aka miƙa maka shi ne shaidar cewa an canja shi, wani makaniken ma zai iya dubawa ya ce da gaske ya mutu ko a'a. Ban da kayan da za a mayar wa kamfani saboda garanti, ko waɗanda ake musanya da sabo, kamar batir. Su ana nuna maka ne kawai.

Rasit ɗin ƙarshe ma yana da ƙa'ida. Ya lissafa kowane kaya daban da kuɗin aiki, ya faɗa ko sabo ne, ko na hannu, ko wanda aka sabunta. Ɗaura na hannu ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗaura shi a caje ka kuɗin sabo.

An gyara, bayan mako guda matsalar ta dawo. Wa zai ɗauki asarar?

In aikin ne bai yi kyau ba, garejin. Dokar Birtaniya ta 2015 ta wajabta yin aiki da kulawa da ƙwarewa, in aka gaza a sake shi kyauta, in sakewar ba za ta yiwu ba a rage kuɗi. Ontariyo ta tsayar da garanti na tilas a kan sababbin kaya da waɗanda aka sabunta, har da aikin ɗaura su: kwana 90 ko kilomita 5,000, duk wanda ya riga cika. Don haka lambar kilomita da ke kan rasit ba ado ba ce, a tabbata an rubuta ta daidai.

Kai sabuwar mota garejin da ba na dillali ba yana kashe garantinta?

Mutane da yawa sun ɗauka haka, wasu dillalai kuma ba sa gaggawar gyara musu fahimta. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ɗaure garanti da sharaɗin sai an yi amfani da kayansa ko garejinsa, sai fa in kyauta yake bayarwa. Tarayyar Turai tana da makamanciyar ƙa'ida. Abin da kamfani zai iya ƙin gyarawa shi ne ɓarnar da mummunan aiki ko jabun kaya suka jawo. Ajiye rasit ɗin kowane juyen baƙin mai shi ke raba gardama.

Sabon fagen rikicin shi ne kwamfutar mota. Ba tare da bayanan cikinta ba, ƙaramin gareji ba ya iya gano matsala. Masu zaɓe a jihar Massachusetts sun amince a 2012 cewa a buɗe wa garejin da ba na dillali ba waɗannan bayanai, suka ƙara a 2020 da bayanan da mota ke aikawa kamfani ta iska.

Gareji na iya riƙe motata in na ƙi biya?

A ƙasashe da yawa yana iya, har ma ya sayar da ita bayan sanarwa da cikar wa'adin da doka ta gindaya. Makanike ma da haƙƙinsa, ya zuba gumi da kuɗin kaya. Amma a wurare da dama ikon riƙewar yana rataye ne da aikin da aka ba da izini. Wanda bai nemi yardarka ba, hujjarsa ta yi rauni.

In kana buƙatar motar kuma kana jayayya da lissafin, shawarar da masu kare haƙƙin masu saye ke bayarwa ita ce ka biya, ka rubuta a kan rasit cewa ka biya ne ba da amincewa da adadin ba, ka riƙe kwafi. Daga nan ka rubuta wa mai garejin ƙorafi da rana a kai, ka samo rahoton wani makanike, sannan ka kai ga hukumar kare masu saye ko kotun ƙananan ƙararraki. Kada ka bari wani ya sake gyara wurin kafin a ɗauki hotonsa kuma a rubuta abin da aka gani, don da zarar an taɓa, garejin farko zai ce ba aikinsa ba ne.