Ma'anar "bênção" a gaisuwar mutanen Brazil

Wanda ya san Brazil daga nesa yakan ɗauka cewa gaisuwar mutanenta ba ta wuce runguma da sumbatar kumatu ba, wadda ake yi sau ɗaya a São Paulo, sau biyu a Rio de Janeiro. Wannan gaisuwa ce ta tsara da tsara. Idan ƙarami ya zo gaban babba a cikin dangi kuwa, akwai wata daban da ake kira "bênção", kalmar Fotugis mai nufin albarka, wadda a bakin jama'a ta gajarce ta koma "bença".

Ƙaramin ne yake farawa, domin roƙo ne yake yi. Yakan ce "Bença, mãe", wato ki sa mini albarka, mama, a wasu gidaje har ya kama hannunta ya sumbata, ita kuma ta amsa da "Deus te abençoe", Allah ya yi maka albarka. Ana yin haka da safe, da lokacin kwanciya, da sa'ad da za a yi tafiya ko aka dawo. Ana nema daga iyaye da kakanni da 'yan'uwan iyaye, da kuma "padrinho" da "madrinha", waɗanda suka tsaya wa yaro ranar baftisma. Girma ba ya ɗauke wa mutum wannan nauyi, don magidanci mai furfura yakan nemi albarkar tsohuwarsa ko da ta waya ne, kuma a ganina nan ne darajar al'adar take.

Asalinta daga Katolikan Portugal ne, amma tarihinta a Brazil yana da ɗaci, domin kafin a soke bauta a 1888 ana tilasta wa bayi su nemi albarkar iyayen gijinsu a matsayin alamar biyayya. Duk da haka jikokin bayin sun riƙe tsarin a addinin Candomblé bisa nasu sharuɗɗa, inda mabiya reshen Ketu mai tushen Yarabawa suke cewa "motumbá" ga manyansu, a amsa musu da "motumbá axé".

A yau al'adar ta fi ƙarfi a arewa maso gabas, kamar jihohin Bahia da Ceará, da ƙauyukan jihar Minas Gerais. A manyan birane yara da yawa sun koma gaida kakanninsu da "oi", wato sannu, da sumba kawai, abin da tsofaffi da dama suke ɗauka raunin tarbiyya ne.